Gani Ya Kori Ji?

Ina cikin jirgin ƙasa, saura kaɗan mu shiga Landan, sai ga kiran Yaya daga Kano. Muka gaisa, na tambayi iyali, ya tambayi aiki da sanyi. Da ya ji ƙarar jirgi sai ya ce, ina zuwa haka ranar aiki? Na ce masa jin kiɗan fim za ni.

"Kallon fim dai," ya gyara mini.

"A'a Yaya, kiɗan kawai. Wanda ya tsara shi ne zai zo da makaɗa."

Ya ɗan yi shiru. "Tsaya in tambaye ka. Kiɗan nan babu shi a wayarka?"

"Akwai."

"Sau nawa ka saurare shi?"

"Ba ya ƙirguwa."

"Shi ne ka ɗauki hutu a wurin aiki, ka biya kuɗin jirgi, ka sayi tikiti, don ka je ka ji abin da ke cikin aljihunka? To, Allah ya shirye ka."

Muka yi dariya muka yi sallama. Wannan a watan Nuwamba na 2018 ne, kuma wanda zan je gani shi ne Ennio Morricone, dattijon nan ɗan Italiya, makonni kaɗan bayan ya cika shekara 90. Yaya malamin makaranta ne, ba ya barin magana a tsakiyar hanya. A hirarrakinmu na baya ya ƙara mini tuhuma biyu a kan ta farko. Ya ce kiɗan fim dabara ce ta jan zuciyar mutum ta inda bai sani ba, don haka hawayen da yake jawowa na bogi ne. Sannan ya faɗi wadda ta fi yi mini zafi: "Kai ba kiɗa kake zuwa nema ba. Baba kake nema."

Na amsa laifina tun da wuri. Ina cikin mutanen nan da ke bin irin wannan taro gari-gari, suna adana tsofaffin tikiti a gwangwanin biskit. Shi ya sa tambayar ta shafe ni: son da nake yi wa abin nan, akwai gaskiya a cikinsa, ko kuwa ruɗin kai ne mai tsada? Hukuncin kiɗa na bar wa malamai, su ne masu fagen. Abin da nake bi a nan shi ne halin mai sauraro.

Ga wanda bai taɓa gani ba, ga yadda abin yake. Makaɗa tamanin ko fiye ne ke zama a kan dandamali. Masu goge, ƙanana da manya, suna gaba. Masu sarewa suna tsakiya, masu ƙaho a bayansu, masu ganga da tambura a can ƙarshe. Wani lokaci a ƙara da 'yan amshi, maza da mata. Mutum ɗaya ne ke tsaye a gabansu riƙe da siririyar sanda, ya juya wa jama'a baya, shi ne jagora. Taron iri biyu ne. Akwai wanda ake zaɓo kaɗe-kaɗe daga finafinai daban-daban a yi su ba tare da hoto ba. Akwai kuma wanda ake haska fim ɗin gaba ɗaya a babban allo, an cire masa kiɗansa an bar magana da sauran ƙara, sai makaɗan su mayar da kiɗan nan take. A irin wannan, jagoran yana da ɗan ƙaramin allo a gabansa, layuka suna ratsawa suna nuna masa inda zai shiga da inda zai tsaya, sau da yawa kuma da ɗan ƙas-ƙas a kunnensa mai riƙe masa lokaci. Ya makara da daƙiƙa ɗaya, sai takobi ya sauka kafin ganga.

Abin dariyar shi ne, haka silima ta fara. Kafin fim ya iya magana, kowane gidan silima yana da makaɗinsa, ƙanana da mai fiyano ɗaya, manya da gungun makaɗa. Da aka fito da The Jazz Singer a 1927, aka koma liƙa sauti a jikin fim, cikin 'yan shekaru dubban makaɗa a Amurka suka rasa abincinsu. Ƙungiyarsu ta yi ta buga talla a jaridu tana sukar abin da ta kira kiɗan gwangwani, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Waɗanda suka tsira da sana'ar suka koma ɗakunan ɗaukar sauti, inda babu mai ganinsu. Sai bayan shekara tamanin abin ya juyo da ƙarfi. A 2008, a birnin Lucerne na ƙasar Suwizalan, aka haska kashi na farko na The Lord of the Rings, makaɗa da 'yan amshi suna yin kiɗan Howard Shore a gaban jama'a. Yau manyan zauruka irin su Royal Albert Hall na Landan, wanda aka buɗe tun 1871, suna cika da masu zuwa irin wannan taro.

Mu koma kan tuhumar Yaya ta farko. Gaskiyarsa, kiɗan yana cikin wayata, kuma wanda ke wayar ya fi tsafta. An yi shi sau da dama, an zaɓi mafi kyau, an yanke tari da kuskure. Amma abu ne da ya riga ya wuce. Ko na saurara ko na yi barci, haka zai fito. A zaure kuwa, mai ƙaho numfashi ɗaya gare shi. Leɓensa ya zame, mutum dubu biyar ne shaida, kuma babu komawa baya. Yana sa shekarun da ya yi yana koyo a faifai, a gabanka, saboda kai. Wanda aka yi wa haka bai kamata ya saurara da rabin kunne ba.

Sai dai akwai abin da ya fi wannan nauyi a wurina. Kiɗan fim sana'a ce da aka gina a kan ɓuya. Idan ya yi kyau, mai kallo ba ya lura da shi. Sai ya fito yana cewa jarumar nan ta iya kuka, alhali rabin kukan da ya yi, wani mai goge ne da bai taɓa gani ba ya sa shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ɗauki fim ɗin kaboyin nan, A Fistful of Dollars, na 1964. Fiton da ke buɗe shi ya zagaye duniya, amma mutum nawa ne suka san Alessandro Alessandroni, wanda bakinsa ne ya yi fiton? Shi kansa Morricone da sunan aro aka rubuta shi a fim ɗin, Dan Savio, darakta Sergio Leone kuma ya zama Bob Robertson, don mutane su zaci daga Amurka aka kawo shi. Muryar macen da ke tashi babu kalma ko ɗaya a Once Upon a Time in the West na 1968, ta Edda Dell'Orso ce. A Amurka, Marni Nixon ce ta rera waƙoƙin da aka ga bakin Natalie Wood yana motsi da su a West Side Story na 1961, da mafi yawan na Audrey Hepburn a My Fair Lady na 1964, kuma ba a rubuta sunanta a allo ba. A watan Maris na 1977, wani mai busa ƙaho, Maurice Murphy, ya kama aiki da gungun makaɗa na London Symphony Orchestra, aikinsa na farko kuwa shi ne ɗaukar kiɗan da John Williams ya tsara wa Star Wars. Ƙarar nan da ke fashewa a farkon fim ɗin, da numfashinsa a ciki. Ya rasu a 2010, yawancin waɗanda suka haddace busarsa ba su ji labari ba.

Mu da muka tashi da finafinan Indiya mun san wannan hali. Lokacin da aka fitar da faifan shahararriyar waƙar fim ɗin Mahal na 1949, sunan da aka rubuta a jiki shi ne Kamini, wato matar da ke cikin labarin, aka bar Lata Mangeshkar da ta rera. Sai da mutane suka yi ta tambayar mai muryar nan. Bayan shekara 25, a 1974, ta tsaya da kanta a Royal Albert Hall, jama'a suka ga fuskar da ke bayan muryar.

To wannan shi ne abin da taron yake yi: yana juya ɗakin. Wanda ke bayan labule ya dawo gaba, fitila ta haska shi, tauraron fim ya koma hoto a bango ko ya ɓace ɗungurungum. A nan ne za ka gane cewa sautin da ya taɓa girgiza ka, wata mata ce mai furfura da tabarau take fitar da shi da hannunta na dama. Idan an gama, jagora ya nuna ta, ta miƙe, a tafa mata ita kaɗai. Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici. Na daɗe ina cin kyautar mutanen nan ban san fuskarsu ba. Zuwa zauren, a wurina, kai tukuici ne.

Tuhuma ta biyu ta fi wuya, domin akwai gaskiya mai yawa a cikinta. Kiɗan fim yana jan zuciya, don haka ma aka yi shi. Kuma ba ruwansa da wanda yake yi wa aiki. A 1915 aka yi fim ɗin The Birth of a Nation a Amurka, wanda ya mayar da 'yan Ku Klux Klan, masu kashe baƙaƙen fata, jarumai. Da suka hau dawakai suka taho, kiɗan Richard Wagner mai tsuma jini aka sa musu, masu kallo suka ji kamar ceto ne ya iso. Kiɗan bai yi gardama ba. Duk wanda ya ce sauti mai daɗi ba ya iya yi wa ƙarya ado, bai san tarihi ba.

Ko inda babu mugun nufi, dabarar tana nan. A Jaws na 1975, kifin roba da aka ƙera don fim ɗin ya yi ta lalacewa, dole darakta Steven Spielberg ya rage nuna shi. Sauti biyu kacal da John Williams ya jera, ɗaya na bin ɗaya, suna ƙara sauri, su suka zama kifin. Mutane suka ji tsoron abin da ba su gani ba. Amma a cikin fim ɗin akwai wurin da wasu yara suka yi wasa da ƙayar kifi ta bogi suka firgita masu wanka a teku, kuma a wurin ba a sa sautin nan ba. Mai kunne zai gane babu kifi. Wato ko a cikin dabara, akwai mai riƙe amanar mai kallo, akwai mai cin ta.

Amsata ga Yaya ita ce: idan tsoronka a ja ni ta inda ban sani ba, to zauren makaɗa ne wurin da aka fi rage wannan haɗari. A silima, kiɗa ta bayan ƙeya yake zuwa, cikin duhu. A zaure ta gaba yake zuwa, ina kallon hannun da ke jan zaren. Na ga yadda masu manyan goge suke fara gurnani can ƙasa kafin tsoro ya zo, na ga yadda ake ɗauke sauti gaba ɗaya don a bar zuciya a rataye. Tun da na fara zuwa, ba na kallon talla ko bidiyon 'yan siyasa yadda nake kallo a da. Da na ji goge ya fara tashi a bayan maganar wani, sai in tambayi kaina: in aka cire kiɗan nan, me ya rage a maganar? Wanda ya ga yadda ake saƙa tarko ya fi wuyar kamawa.

Game da hawaye kuwa, Imam al-Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda kan sauraro a littafinsa Ihya'u Ulumiddin. Ra'ayin da ya ƙarfafa a can shi ne cewa sauti mai daɗi yana motsa abin da ya tarar ne a zuciya, alheri ko sharri. Idan haka ne, hawayen nawa ne, kiɗan ya buɗe musu ƙofa kawai. Nauyin ya dawo kaina ke nan: me na ajiye a ciki da har ya fito?

Wannan ya kawo mu ga tuhuma ta uku, wadda ba ni da mafaka a kanta.

Baba, Allah ya jiƙansa, ya yi samartakarsa lokacin da gidajen silima marasa rufi na Kano suke nuna finafinan kaboyi. Ya daina zuwa tun kafin a haife mu, amma fiton bai bar bakinsa ba. Duk safiyar Asabar, idan yana wanke kekensa a ƙofar gida, sai ka ji shi. Bai taɓa jin sunan Morricone ba. Har ya bar duniya yana ɗauka a Amurka aka yi finafinan, bai san Italiyawa ne suka yi su ba, yawancin dajin da ya gani kuma na kudancin Sifaniya ne. Ni ma sai da na girma, na zo ƙasar nan, na ji fiton a wani shago, na tsaya cak kamar an kira sunana.

A daren nan na Nuwamba, a zauren O2 mai cin mutum kusan dubu ashirin, dattijon ya fito a hankali, ya zauna a kujera ya ɗaga sanda. Ba a nuna fim ba. Da aka zo kan kaɗe-kaɗen finafinan Leone, sai na ji ƙamshin sabulu da jiƙaƙƙiyar ƙasar ƙofar gidanmu. Na yi kuka, ban ɓoye ba. Yaya ya faɗi gaskiya, Baba na je nema.

Ban ga aibu a nan ba. Tuna mahaifi ba abin kunya ba ne, kuma Bature da ke kusa da ni shi ma yana share ido, wa ya san wa yake tunawa. Aibun a wani wuri na same shi, a daren kuma. Da mawaƙiyar ta fito ta ɗauki muryar nan ta Once Upon a Time in the West, sai na ji raina ya ɗan sosu. Ba Edda Dell'Orso ba ce. Ta ja numfashi a inda ban saba ji ba, ta daɗe a kan wani sauti fiye da na wayata. Na kama kaina ina cewa a zuci, ai ba haka yake ba. Sai kunya ta rufe ni. Ga mace ta tsaya gaban dubban mutane tana ba da duk abin da ke ƙirjinta, ga wanda ya tsara kiɗan da hannunsa yana jagorantar ta, ni kuma ina jin haushi don ba ta zama rikoda ba.

A nan ne son mai so yake iya ruɓewa. Masoyin da ya haddace komai yana iya zama wanda ya fi kowa kurumta, domin kunnensa ya cika da jiya. Yana son mutane tamanin su taru su zama na'urar da za ta dawo masa da yarintarsa, ba ragi ba ƙari. Ya zo da niyyar girmama ɓoyayyun ma'aikata, sai ya sake ɓoye su, wannan karon a bayan tunaninsa. Irinsa ne kuma ke ɗaga waya sama daga farko har ƙarshe. Ya baro gwangwani a gida ya zo wurin ɗanyen abu, ya ɓige da sake ɗura shi a gwangwani.

Saboda haka ma'aunin da na kafa wa kaina ke nan. Tunani yana iya kawo ni ƙofar zaure, babu laifi. Amma in na fito ban ga kowa ba sai kaina, na yi asarar kuɗina, kuma na ci haƙƙin waɗanda suka yi mini aiki. In kuwa na fito da fuskar mutum ɗaya a raina, da wani abu da ya yi wanda babu shi a wayata, to zuwan ya biya. A daren nan, bayan kunyar, na saki abin da na haddace na bi muryar matar yadda ta zo. Shi ne kaɗai ɓangaren da har yau nake iya tunawa dalla-dalla.

Saura batun kuɗi, wanda Yaya bai faɗa da baki ba amma na ji shi a cikin shirunsa. Tikiti da kuɗin jirgi sun isa cefanen kwanaki a gida. So ba ya wanke wannan. Wanda zai tafa wa mai goge a Landan alhali ya hana ƙanwarsa kuɗin makaranta, bai fahimci komai ba game da ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Na ɗaukar wa kaina cewa ba na sayen tikiti sai na sauke abin da ke wuyana na watan, kuma na sha barin taro ya wuce ni saboda haka. Amma idan an sauke nauyi, akwai abin da jira yake kashewa. A watan Janairu na 2020, John Williams, yana da shekara 87, ya jagoranci makaɗan Vienna Philharmonic a babban birnin Ostiriya. Bayan wata biyu annoba ta rufe zauruka. Ranar 6 ga Yuli na shekarar, Morricone ya rasu a Roma. Faifansa yana nan har gobe. Damar a tafa masa yana ji ce ta wuce.

Na san yawancin masu karanta wannan ba su da zauren makaɗa a kusa, wasu ma abin bai dame su ba. Amma abin da na koyo ba ya buƙatar tikiti. Kowannenmu yana rayuwa a kan aikin mutanen da ba ya gani. A finafinanmu na Hausa ma, sau da yawa bakin da ke motsi daban, mai muryar daban, wanda ya zauna ya haɗa kiɗan daban. Idan fim ya ƙare sunaye suka fara hawa, yatsa ba ya jira, sai ya tsallake. A bar su su hau. A karanta ko da uku ne.

An ce gani ya kori ji. A wurina gani bai kori komai ba, shi ya koya mini ji.

Da na koma gida hutu, na zauna da Yaya a ƙofar gida bayan la'asar, a daidai inda Baba yake jingine keke. Na ba shi labarin daren, har da kunyar da na ji. Bai ce na yi daidai ba, bai ce na yi kuskure ba. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Wannan mai fiton, yaya ka ce sunansa?"

Na faɗa masa. Ya maimaita sau biyu, harshensa yana tuntuɓe. Sai ya ciro biro daga aljihun gaba, ya rubuta a bayan hannunsa.